Daktan da Bai Iya Ganga Ba

Garba Mai Ganga ya haura shekara saba'in lokacin da ɗansa Haliru ya bugo waya ya ce ya gama karatu. A Dodoru ta ƙasar Gwandu, da wuya ka sami manomin da ya kai shekara arba'in bai taɓa noma a gaban gangar Garba ba. Ya gaje ta ne wurin mahaifinsa Umaru, kuma a zamanin da gayya take gayya, daga Dalijan har Malisa shi ake aiko wa da goro. Kowane jarumin manomi yana da takensa, ɗan kiɗan da ake yi masa shi kaɗai, wanda da ya ji shi sai ya manta da ciwon baya. Garba ya riƙe su duka a ka, na rayayyu da na waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Daga baya gayya ta ja baya. Maganin feshi ya shigo, shanun huɗa suka yawaita, masu hali suka koma hayar tarakta. Shekara tara ke nan rabon da a kira Garba gona. Ga shi kuma hawan jini ya taɓa masa hannun dama shekara uku da suka wuce, ya samu sauƙi amma hannun bai koma yadda yake ba. Manyan 'ya'yansa maza uku babu wanda ya waiwayi gangar. Ɗaya yana sayar da shinkafa a Jega, ɗaya tela ne, babban kuwa ya faɗa ƙiri-ƙiri cewa kiɗa roƙo ne, shi ba zai yi ba.

Haliru ne auta, kuma shi ne ya yi boko mai nisa. Wata rana ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, kiɗa nake karantawa a jami'a, kuma gangarka na zaɓa." Daga nan shekara shida yana zuwa duk hutu da 'yar rikoda da littafin rubutu. Zai zauna gaban uban a zaure ya ce a kaɗa masa taken wane, wa ya ƙirƙiro shi, a wace gona, me ya sa ake sassautawa a nan. Garba yana kaɗawa yana ba da labari, ransa fari ƙal. Bai taɓa ganin Haliru ya rataya gangar ba, amma abin bai dame shi ba. Shi ma bai taɓa kaɗawa a gaban Umaru ba sai ranar da aka ce ya kaɗa. Ya ɗauka kunya ce irin ta ɗa da uba, a can makaranta yaron yake gyara hannunsa.

"Baba, an ba ni," in ji Haliru a waya. "Na zama dakta a fannin kiɗa. Kuma na sami aiki a wata cibiyar nazarin al'adu da aka buɗe a Kalgo."

"Dakta a kiɗa," in ji Garba, yana maimaitawa a hankali. "Wato babu sauran karatu sama da wanga?"

"Babu, Baba. Shi ne na ƙarshe."

Washegari Garba ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi gidan Lawal, Sarkin Noman Dodoru, abokinsa tun suna samari. Ya roƙe shi a yi gayya ko sau ɗaya ce a babbar gonarsa ta bakin fadama, domin ganga ta sami magaji. Lawal ya ce matasan yanzu ba su san gayya ba, amma in dai dakta ne zai kaɗa, ko don kallo za su fito. Aka sa wata Asabar, lokacin da gero ya kai gwiwa.

Garba ya sauke gangar daga inda take rataye, ya cire tsohuwar fata ya ɗaura sabuwa, ya fere sabuwar gula ta kaɗawa. Matarsa Delu tana kallonsa daga bakin murhu.

"Malam, ka dai gaya wa yaron ga abin da ka shirya?"

"Na ce mai shi taho Asabar da sassafe, akwai taro. Ni ma haka aka yi mini."

Bayan kwana biyu ta sake tambayarsa, ya sake ba ta amsar nan, sai ta bar maganar.

Ranar Asabar mutane suka fi ɗari a gonar Lawal. Tsofaffin manoma sun fito da garmunansu, wasu sun yi tsatsa don rashin aiki. Mata sun jera ƙoren fura a gindin tsamiya. Haliru ya iso daga Kalgo cikin farin kaftani da jaka a hannu, jama'a suna ta miƙo masa hannu, sannu da zuwa Dakta, Allah ya sa albarka. Lawal ya yi ɗan jawabi, ya ce yau gangar Umaru za ta koma kafaɗa ta uku. Haliru yana murmushi, bai gama fahimtar maganar ba sai da ya ji uban ya rataya masa igiyar gangar ya danƙa masa gula.

Ya sunkuyo, murya ƙasa-ƙasa. "Baba, mene ne haka?"

"Fara da taken Sarkin Noma, sa'annan ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ka san su."

"Na san su, Baba. Amma ban iya kaɗawa ba."

Garba ya ɗauka kunnensa ne. Ya matso ya ce ya maimaita.

"Ban iya ba. Wallahi ban iya ba."

Mutane sun riga sun yi sahu a bakin kuyyoyin gonar, kowa da garmarsa. Wani daga can gefe ya ce, "Dakta, muna jiranka." Haliru ya dubi uban, ya dubi jama'a, sai ya ɗaga gular ya buga. Sau huɗu ko biyar ya buga, ƙarar kamar ana ƙwanƙwasa ƙyaure. Gangar tana zamewa daga kafaɗarsa yana tare ta da gwiwa. Leɓɓansa suna motsi daidai inda kowane bugu ya kamata ya faɗa, hannun ne ya ƙi bi. Ya tsaya.

Babu wanda ya yi dariya. Gonar ta yi tsit, har ana jin kukan kurciya a kan tsamiya. Garba ya ji kamar an watsa masa ruwan randa. Ya miƙa hannu ya karɓe gangar ba tare da ya dubi ɗan ba, ya rataya, ya soma taken Lawal. Farkon ya fita sosai, mutane suka duƙa, ƙasa ta fara juyawa. Ba su kai rabin kuyyar farko ba gular ta suɓuce daga yatsunsa ta faɗa cikin gero. Lawal ne ya je ya ɗauko ta, ya goge da bakin rigarsa ya miƙa masa.

"Bar shi haka nan, Garba," in ji shi. Ya juya ga mutane. "Jama'a, bismillah."

Aka yi noman babu kiɗa. Kafin azahar rabin mutanen sun sulale.

Bayan la'asar Haliru ya shigo zaure ya sami uban zaune a tabarma, gangar tana jingine a bango. Ya durƙusa nesa kaɗan.

"Laifina ne, Baba. Ban taɓa zama na bayyana maka ba. Digirin nan iri biyu ne. Akwai na bincike, akwai na kaɗawa."

"Ina jinka."

"Ni na bincike na yi. Mutum zai zaɓi abu ɗaya ya bi diddiginsa shekaru, ya tambayi masu shi, ya rubuta abin da ba a taɓa rubutawa ba. In ya gama, malamai su zaunar da shi su yi ta yi masa tambayoyi a kan kundin. In ya kare abin da ya rubuta, a ba shi."

"Ba su ce ka kaɗa ba?"

"Ba su ce ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya. Ɗayan shi ne na masu kaɗawa. Shi sai an saurari hannunka kafin ma a ɗauke ka. Kana tare da gwani yana gyara ka, sa'annan ka hau dandamali sau uku ko huɗu, gaban jama'a da alƙalai, ka yi wasa na sa'a guda ko fiye. Akwai rubutu a ciki, amma bai kai nawa ba. Hannu ake aunawa."

"To ai wancan shi ne kiɗa. Don mi ba ka yi shi ba?"

"Inda na yi karatu ba a yinsa. Ko da ana yi, ba ni da hannun. Na gwada a ɓoye tun ina aji biyu, na gane ba ni da shi."

Garba ya sake tambaya. "Su waɗanda suka yi maka tambayoyin, sun iya ganga?"

"Ɗaya yana busa sarewa irin ta Turawa. Sauran biyun ba sa kaɗa komai."

"Mutum uku da ba su iya ba sun zauna sun shaidi na huɗu da bai iya ba, a kan abin da ni na iya."

"Ba hannu suka shaida ba, Baba. Sani suka shaida."

Haliru ya buɗe jakarsa ya fito da kundin, mai baƙin bango da rubutu ruwan zinariya. Ya ce take ɗari da arba'in da uku ne a ciki, kowanne da sunan mai shi da garinsu da yadda ake kaɗa shi. Garba ya karɓa ya jinjina nauyinsa. Ya ƙwanƙwasa bangon da yatsa, ya kasa kunne, ya ajiye shi a tabarma.

"Tashi ka tahi," ya ce, "kada yamma ta yi maka a hanya."

Da motar Haliru ta tashi Delu ta shigo ɗaukar kwanon furar da ba a taɓa ba.

"Ni na sani tuni," in ji ta.

Garba ya ɗago kai.

"Shekara shida ina zuba mai ruwan wanke hannu. Tafinsa sumul, ko kanta ɗaya babu. Na san hannun makaɗi, Malam, na zauna da shi shekara hamsin."

"Kika yi shiru?"

"Sau biyu na taɓa maka. Ba ka so ji ba."

Mako uku Garba bai zauna majalisa ba. Daga gida sai masallaci, ana sallamewa ya fice. Mutane suna gaishe shi da ladabi fiye da da, wannan kuwa ya fi komai yi masa ciwo. In ya kwanta hutun rana sai ya riƙa lissafa shekarun nan shida, yana neman inda ya kamata ya gane.

Ranar da za a duba masa jini a asibiti a Birnin Kebbi, Haliru ya zo ya ɗauke shi kamar yadda ya saba. Ban da gaisuwa babu abin da ya haɗa su a hanya. Da suka fito daga asibiti Haliru ya ce zai biya ta wurin aikinsa a Kalgo, akwai wanda ya daɗe yana son ya gaishe shi. Garba ya ce shi ba zai fita ba, duk mai son gaisuwa ya same shi a mota. Haliru ya ajiye motar a inuwar darbejiya ya shiga ciki.

Garba yana zaune, gilashi a sauke, sai ya ji ganga.

Bugu uku kawai ya ji ya gane. Taken Jatau na Malisa ne. Jatau ya rasu tun kafin Garba ya yi aure, Umaru ne ya yi masa taken, kuma ba a kaɗa taken mamaci a gona. A shekara hamsin sau ɗaya Garba ya kaɗa shi, a zaurensa, a gaban rikodar Haliru. Da farko ya ɗauka rikodar aka kunna. Sai kiɗan ya tsaya a tsakiya, ya koma baya, ya sake tasowa da ƙarfi har yana jin sa a ƙirji. Hannun mutum ne. Ya buɗe ƙofa ya fita, ya manta sandarsa a mota, ya bi sautin har wani babban ɗaki.

Mace ce. Ba za ta wuce shekara talatin da biyar ba, ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ganga a kafaɗar hagu, zufa tana bin fuskarta. Garba ya dafa bakin ƙofa ya tsaya, ya kasa shiga ya kasa komawa. Da ta gan shi ta sauke gangar da sauri ta durƙusa har ƙasa.

"Baba, sannu da zuwa. Sunana Rahama."

"Dakta Rahama ce, abokiyar aikina," in ji Haliru, wanda ya taso daga wata kujera a gefe. "Ita wancan digirin ta yi, na kaɗawa, a Afirka ta Kudu. 'Yar nan Kalgo ce."

Rahama ta ce mahaifinta masunci ne, wurin kakarta ta fara da kiɗan ƙwarya tana yarinya, daga nan abin ya kama ta.

"Wa ya koya miki wanga take?" in ji Garba.

"Kai ne, Baba. Shekara huɗu ke nan da Dakta Haliru ya aiko mini da abin da ya ɗauka. Na saurare ka ya fi a ƙirga. A wasana na ƙarshe, wanda aka ba ni digiri a kansa, takenka goma sha ɗaya na kaɗa, na rufe da na Jatau. Na faɗi sunanka da na mahaifinka kafin in fara."

"Gaban mutum nawa?"

"Sun kai ɗari uku."

"Suna zaune bisa kujeru?"

"Suna zaune."

Garba ya juya ga ɗansa. "Da izinin wa?"

"Na tambaye ka, Baba. Ka ce duk mai so ya ji. Har ka dangwala yatsa a takarda."

Ya tuna ranar, ya tuna tawadar a babban yatsansa. "Na ce a ji," in ji shi. "Ban ce..." Bai ƙarasa ba. Bai taɓa kawowa a ransa cewa mutum zai iya ɗauke abu daga cikin rikoda ya mayar da shi hannunsa ba, balle mace, balle a ƙasar da bai san inda take ba. Haliru ya jawo masa kujera ya zauna.

Rahama ba ta tashi daga durƙuson ba. Ta ce in ya hana, daga yau ba za ta ƙara taɓa taken ba.

"Tashi ki maimaita," in ji Garba.

Ta rataya ta fara. Hannunta yana da ƙarfi da tsabta, hagunta kuwa, ya yarda a ransa, ko lokacin da yake ganiyarsa tasa ba ta kai haka ba. Amma ba ta yi nisa ba ya ɗaga hannu.

"Kin taɓa riƙe garma?"

"A'a, Baba."

"Shi ya sa. Korar manomi kike yi. Tsakanin wanga bugu da mai bi mai, mutum zai ɗaga garma, shi kafa ta, shi juye ƙasa. In kin hana mai wurin nan, kafin rabin kuyya kin kashe shi."

Haliru ya ce maganar tana cikin kundin, ya rubuta shafi huɗu a kanta. Rahama ta ce ta karanta har sau uku, ta san akwai jinkiri, tsawonsa ne ba ta sani ba.

"Saurara," in ji Garba. Ya soma buga cinyarsa da hannun hagu yana bi da baki. Gaɓar farko ta fita lafiya. Da ya zo inda taken yake juyawa, sai ya ji babu komai. Ya koma farko, ya sake zuwa wurin, ya sake tsayawa. Sau uku. Hannunsa yana sama, bai san inda zai sauke shi ba. Tun da ciwon nan ya same shi bai taɓa gwada taken Jatau ba, bai san ya tafi ba. A cikin ransa ya lalubi wani take, na wani manomin Dalijan, ya tarar da rabi. Ya lalubi wani, ko farkonsa bai samu ba.

Sai ya ji murya a bayansa, a hankali, tana ɗorawa daga daidai inda ya tsaya. Haliru ne, yana yin gangar da baki, yana haɗawa da maganar da gangar take faɗa: Jatau, ƙasa ta gaji, kai ba ka gaji ba. Bai buɗe littafi ba. Ya bi shi tiryan-tiryan har ƙarshe, har da ɗan sassaucin da Umaru ya ƙara shekarar da Jatau ya karye a ƙafa ya koma noma yana ɗingishi. Garba kansa ya manta da wannan sai da ya ji shi.

Ya juya gaba ɗaya a kan kujerar yana kallon ɗan nasa.

"Duka ɗari da arba'in da ukun haka suke a kanka?"

"Duka, Baba."

Garba ya ce wa Rahama ta matso da gangar. Haliru yana yi da baki, ita tana kaɗawa, shi kuma ya riƙe wuyan hannunta da hagunsa, yana tsayar da ita har sai garmar da yake gani a ransa ta juye ƙasa, sa'annan ya saki. Suna nan har aka kira la'asar.

A hanyar komawa, da suka kusa Gwandu, Garba ya yi magana. "Abin da Umaru ke yi shi kaɗai yana tauna goro," ya ce, "yau mu uku muka taru a kansa, biyu daktoci." Haliru bai gane ko ƙorafi ne ko wani abu daban ba.

Daga makon nan Rahama ta riƙa zuwa Dodoru duk Alhamis. Gari ya ɗauka. Babban ɗan Garba ya zo ya ce an mayar da su abin magana, uban ya ce shi da ya ƙi gangar ba shi da ta cewa. Lawal ma ya zo har zaure ya faɗa masa gaskiya, cewa mace ba za ta kaɗa ganga a gonarsa ba. Garba ya ce ai babu wanda ya roƙe shi. Bai ba Rahama gangar Umaru ba, da tata take zuwa. Alhamis uku na farko ma bai bari ta taɓa ko tata ba. Garma ya miƙa mata ya kai ta 'yar gonarsa ta bayan gida, ya zauna a inuwa yana kallo. Hannunta ya yi bororo ya fashe, Delu tana shafa mata man kaɗanya tana yi wa mijin mita.

Bayan an yi girbi, Garba ya ce wa Haliru yana so ya ji abin da ke cikin kundin. Suka riƙa zama da hantsi duk ranar Alhamis, Haliru yana karanta Turancin yana mayarwa Hausa, Rahama tana can cikin gida tana bita. Babi huɗu suka wuce lafiya, Garba yana gyaɗa kai, wani lokaci ya ce a maimaita masa sunan wani da ya manta. A babi na biyar Haliru ya gyara zama. Ya ce wannan shi ne wanda malamai suka fi yabawa. A cikinsa ne ya nuna cewa wani gajeren take da ake buɗe gayya da shi asalinsa kiran masunta ne, wani kakan Umaru ya jiyo shi a bakin gulbi ya ɗora shi a ganga.

"Wa ya gaya maka haka?" in ji Garba.

"Kai ne, Baba. Shekarar da na fara zuwa, da bazara."

Garba ya sosa gemu. "Wanga kam ƙarya na yi maka."

Haliru ya sauke kundin a cinyarsa.

"Tun safe kake tambayata inda ya samo asali. Ni ban sani ba, haka na taso na iske shi. Ka ƙi bari. Na ji kunyar in ce wa ɗan makaranta ban sani ba, sai na haɗa maka."

"Baba, shafi talatin na gina a kan maganar nan." "Na je har bakin gulbi na ɗauko kiran masunta, na gwada su, na ga sun yi kama."

"Sun yi kama mana. Shi ya sa na zaɓe shi."

"Wani farfesa a waje ya riga ya kawo maganar a littafinsa, da sunana."

"Ni na ɗauka ganga kake koyo," in ji Garba. "Labarin don a rage zaman ne. Da na san labarin shi ne digirin, da na ce maka ban sani ba."

Haliru ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Daga cikin gida gangar Rahama tana tashi tana tsayawa. Sai Haliru ya tambaya.

"Akwai wasu irinsa?"

Garba ya yi tunani da gaske, yana ƙirgawa da yatsun hagu. "Biyu. Ko uku. In ka karanto zan gane su."

Suka koma shafin farko a ranar. Duk inda Garba ya ce ga abin da ya gani da idonsa, ko ya ji daga bakin Umaru, Haliru ya bar shi. Inda ya ce ba shi da tabbas, ya ja layi da jan biro. Huɗu suka samu, ba uku ba. Aikin ya kai su har damina ta sake faɗuwa, sa'annan Haliru ya rubuta takardar gyara ya aika wa malaman da suka jarraba shi da farfesan nan na waje, ya bayyana yadda abin ya faru ba tare da ya ɓoye komai ba. Kafin ya aika ya karanta wa uban. Garba ya saurara har ƙarshe, ya ce a cire inda aka rubuta kuskure a sa ƙarya, don shi ya san abin da ya yi. Haliru ya ce ba zai rubuta haka a kan mahaifinsa ba. Suka yi ta ja har Delu ta kawo abinci, a ƙarshe takardar ta tafi da kalmar Haliru.